Baƙin Salatif a Ƙofar Direba

Ban taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwata, amma a shagon ƙofar gidana da ke Samaru akwai kanta cike da motoci, babbar cikinsu ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. A wurin 'yan gwanjo na Sabon Gari nake samun su cikin kwali, gunduwa-gunduwa na roba, in haɗa, in goge, in yi musu fenti. Hannun da nake wannan aiki da shi a makarantar allo aka hore shi. Ajami na fara rubutawa kafin boko, daga nan na koyi zayyana, inda layi ɗaya in ya karkace sai a sake takarda. Da na bar aiki Allah ya haɗa ni da waɗannan ƙananan motoci, na tarar haƙurin da suke nema shi ne wanda na riga na sani.

Maƙwabcina na bayan gida mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, direban tasi. Shekaru ya yi yana jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari, har keke napep ya zo ya kwashe fasinja, ya sayar da motar ya zauna. Da yamma yakan zo shagona ya ja benci yana kallon aikina, yana gyara mini inda na sa madubi ba daidai ba. Wata rana ya dawo daga kasuwa da kwali a hammata. Ya samo 'yar motar roba wadda ta yi kama da tasin da ya sayar. Ya ce a gida zai yi ta da kansa.

"Sai na gama za ka gani, Malam. In ka gani yanzu dariya za ka yi mini."

Ban gani ba. Ciwo ya kama shi, bai daɗe a kwance ba ya rasu.

Bazara biyu ta wuce. Wata Laraba da hantsi matarsa ta yi sallama a ƙofar shagon, riƙe da kwalin takalmi da hannu biyu. Ta ajiye a kan tebur, ta buɗe, ta yaye tsohon kallabin da ta naɗe abin da shi.

Motar ce. Koriya ce shar, irin koren motocin haya, fentin ya yi kauri a wasu wurare, ana ganin sawun burushi a kan rufi. A kewayen cikinta ya ja layi biyu na salatif, ya bar tsakaninsu fili inda ratsin ruwan ɗorawa zai zauna. A ƙofar direba kuma, ƙasa da layin, ya manna wani guntu a kwance.

"Ranar da ya sa wannan abin ranar zazzaɓin ya fara," in ji ta. "Na ɗora ta a kan wadirof, ban sake taɓawa ba. Ranar Lahadi za mu yi masa addu'ar tunawa a coci, 'yan'uwa za su zo daga gida. Ina so ta zauna kusa da hotonsa."

"Me kike so a yi mata, Mama?"

"A cire baƙin abin nan, a sa mata ratsin. Amma kore ɗin kada a taɓa, Malam. Da rubutun." Ta nuna guntun da ke ƙofar direba. "A ƙarƙashin nan ya rubuta Samaru zuwa Sabon Gari, yadda yake a jikin motarsa. Da tsinken tsintsiya ya rubuta, ina zaune ina kallo. Ya rufe don kada ruwan ɗorawa ya fantsama a kai. Hannunsa ne. Ba ni da wani abu da ya rubuta sai wannan."

Na ɗauki motar na kai ta bakin taga, na duba salatif ɗin.

Salatif ɗin da ake sa wa irin wannan aiki na takarda ne, siriri, mai sauƙin danƙo. Ni a shagunan bakin jami'a nake saye, inda ɗalibai masu koyon zanen gine-gine ke sayen kayansu, kuma ba na karɓar wanda ya sha rana a kan tebur. Ko wannan ɗin ma sai na manna shi a wandona na ɓare, na sake mannawa na ɓare, ƙarfinsa ya ragu, kafin in kai shi jikin fenti. Ba na barin sa ya kwana. Ana gama feshi nake cirewa.

Shi kuwa marigayi baƙin salatif na masu aikin wayar lantarki ya sa. Na gane dalilinsa. Shi ne wanda kowane direba ke ajiyewa a mota, da shi ake ɗaure waya, da shi ake riƙe madubi, da shi ake toshe tiyo har a isa gareji. Yana kuma lanƙwasa ya bi kwana lafiya lau, abin da na takarda ba ya yi da sauƙi. Da ya cire shi a ranar, da ba abin da zai faru. Amma ya yi bazara biyu a ƙarƙashin rufin kwano. Danƙon ya narke ya tsattsafo ta gefe, baƙi kamar kwalta, ƙura ta manne masa. Abin da ya yi wa fentin da ke ƙarƙashi kuwa, Allah kaɗai ya sani.

"Zan gwada," na ce. "Ban yi miki alkawari ba."

Ba ta kai ga amsawa ba babur ya tsaya a waje. Ƙanin marigayin ne, mai fentin manyan motoci a Chikaji, ƙaƙƙarfan mutum, faratansa ko yaushe da launi uku. Tun rasuwar wansa shi ne babba a gidan, shi ya tsaya a kan hidimar Lahadin. Ya gaishe ni, ya ɗauki motar da yatsu biyu ya juya ta.

"Matarmu, ashe nan kika kawo ta. Na ce ki ba ni. Wannan aikin shan shayi ne. In jiƙa tsumma da tina, ruwan cire fenti, in share ta tas, in fesa mata sabon kore, in ja ratsi. Sai ta ɗauki ido."

"Ba ɗaukar ido nake nema ba."

"To me kike nema? Mutane su taso tun daga ƙauye su ga abin wana kamar an tsamo shi daga kwata? Dubi rufin nan, kamar da tsintsiya aka yi."

"Da hannunsa aka yi."

Ya ajiye motar a hankali, ya juyo wurina.

"Malam, ba raini ba. Na san baƙin salatif. In ya daɗe, da fenti yake tafiya. Ka gwada zuwa Asabar da rana. In ta yage, zan ɗauka in yi mata abin da na sani, don ba zan kai ta gaban jama'a da tabo ba."

Ta sunkuyar da kai. A gabana ba za ta yi jayayya da ƙanin mijinta fiye da haka ba. Amma da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, sannan ta tafi.

Na fara da cikin motar ta ƙasa, inda burushinsa ya ɗan taɓa kuma ba mai gani. Na ɗiga kananzir a auduga na shafa. Audugar ta fito kore. Na gwada sifirit na kemis a wani gefen, shi ma ya kwaso launi, wurin ya dushe. Fetur da tina ko kusa ban kawo su ba, su robar kanta suke ci. Na zauna ina duban auduga biyu masu kore, kowacce ɗauke da ɗan abin da aka ce kada in taɓa.

Na shiga cikin gida na ce wa mai ɗakina ta sam mini man gyaɗa a murfin kwalba.

"Yau kuma mota za a soya?"

"Ba ni dai."

"In ta nuna a kira ni."

Man gyaɗa bai taɓa fentin ba. Na bar shi ya jima a wurin, na goge, audugar ta fito fara. Na lakato ɗan danƙo daga gefen salatif na gwada a farcena, man ya sassauta shi, sai dai a hankali, kamar mai roƙon alfarma. Na yi hamdala.

Ba wutar lantarki a unguwar balle in hura mata iska mai zafi, don haka na zuba ruwan ɗumi a kwalba, na naɗe ta da tsumma, na jingina gefen fasinja a jikinta har salatif ɗin ya yi laushi. Na sa tsinken sakace na ɗaga bakinsa. Ba sama ake ja ba, kwantar da shi ake yi a kan bayansa a ja shi yana bin jikin motar. Na yi bisimilla na fara. Yana tasowa da zare-zaren danƙo, ni kuwa ina ja kamar faɗin gashi, in tsaya, in duba bayansa ko ya ɗauko kore. In ya huce in mayar jikin kwalba. Yinin Alhamis a gefen fasinja ya ƙare. Ya fita lafiya, ya bar baƙin sawu biyu. Na shafa musu mai, na jira, na murza da ɗan yatsa har danƙon ya dunƙule kamar dauɗar jiki ya faɗi. Na wanke da ruwan sabulu, domin fenti ba ya kama wurin da mai ya kwana. Koren ya fito, ya ɗan fi na kewaye duhu, amma yana nan.

Ranar Juma'a da safe na zagayo ta baya, wajen but. A nan ne ina cikin ja na ji hannuna ya yi sauƙi farat ɗaya. Na duba. A bayan salatif ɗin ga ɗigon kore kamar ƙwayar riɗi, a jikin motar kuma ga tokar roba tana kallona.

Na ajiye tsinken. Na taɓa kusa da wurin da bayan farce, fentin ya lotsa. Danƙon ya ratsa shi ya mayar da shi ɗanye. Wannan gefen, gefen direba, shi ya fuskanci bangon da rana ke duka. In kore ya yi haka, ina ga farin rubutu da ke zaune a bisa koren, wanda aka ɗiga da tsinken tsintsiya?

Na tafi masallaci. Allah ya yafe mini, liman na huɗuba ni kuwa ina lissafin ta wane gefe zan shiga ƙofar direba. Da na dawo na lallaɓa na cire layuka biyun na wannan gefen, ina ɗiga mai a gaban kowane ja, har la'asar ta yi sanyi. Ba a sake samun ɓarna ba. Saura guntun da ke kan rubutu. Na dube shi, na rufe motar da kwano, na bar shi ya kwana.

Asabar da hantsi na ɗumama ƙofar, na ɗaga kusurwar guntun. Ban ja ko rabin ƙwayar shinkafa ba na ga fari a bayansa. Kan harafin farko ne ya biyo salatif, bai rabu da jikinsa ba tukuna, yana tsaye tsakanin sama da ƙasa. Na tsaya cak. Sai na lura tsinken yana rawa. Hannuna ne. Shekaru sun fara karɓar abinsu, nakan ɓoye wa kaina, amma ran nan ba wurin ɓuya. Na ɗora gwiwar hannu a tebur, na riƙe wuyan hannun da ɗayan, rawar ba ta daina ba. In na ja, harafin zai yage. In na saki, kusurwar za ta koma ta manne a karkace ta murƙushe shi. Na tura tsinken a ƙarƙashi ya tokare ta, na janye hannuna.

A haka suka same ni, ita a gaba, shi a baya. A aljihun rigarsa ta aiki akwai kwalbar ruwa, amma ba ruwa ne a ciki ba, warin tina ya riga shi shigowa.

Ya sunkuya ya zagaya motar da ido. Ya ga gefen fasinja ya gyaɗa kai. Ya ga tabon but.

"Na faɗa."

"Ka faɗa," na ce.

Sannan ya ga tsinken da abin da ya tokare. Ita ma ta gani. Ta kai hannu bakinta.

"Ya yage ne, Malam?"

"Bai yage ba. Amma ya tashi. Ni kuma hannuna ya ƙi tsayawa." Na ɗaga hannun suka gani.

Mutumin ya miƙo hannu.

"Ba ni."

Ban ba shi ba. Ba tawa ba ce da zan bayar, kuma ga kwalbar nan a aljihunsa. Na dubi matar. Ta daɗe tana kallon ƙanin mijinta.

"Fitar da kwalbar nan waje tukuna."

"Haba matarmu."

"Waje. Can bayan babur."

Ya yi ɗan murmushi, ya fita, ya dawo aljihu wayam. Ya wanke hannu da sabuluna, ya goge a rigarsa ta ciki. Na tashi na ba shi kujerata.

"Me ka sa mata?"

"Man gyaɗa."

"Man gyaɗa." Ya girgiza kai. "In yaran gareji suka ji, na shiga uku. Akwai sabuwar reza?"

Na ba shi. Ya ce in riƙe motar kada ta motsa, wannan hannuna zai iya. Ya tsoma wani tsinke a mai, ya ɗiga daidai inda salatif ya haɗu da fenti, ya jira man ya shige. Bai ja ba. Ya sa gefen rezar a kwance tsakanin baƙin da farin, yana shafawa kamar mai aske jariri, har kan harafin ya saki salatif ya kwanta. Ya yago 'yar takarda ya ɗora, ya danna da bayan farce, ya ɗaga. Harafin ya koma mazauninsa.

Na ji matar ta saki numfashi.

"Kada ki yi murna," ya ce, bai ɗago ba. "Daga Samaru ko Palladan ba mu kai ba, balle Sabon Gari."

Haka ya ci gaba. Ɗigon mai, jira, reza, ja kaɗan a karkace. Duk abin da ya 'yantu sai ya yanke ya yar, don kada nauyinsa ya ja saura. Wannan dabarar ban san ta ba. Yatsun nan masu kauri da na yi zaton guduma kawai suka sani ba su yi rawa ko sau ɗaya ba. Gumi ya taru a hancinsa, ya ce a share masa kada ya ɗiga, ita ta share da bakin mayafinta. Aka kira azahar, na ce su riƙe motar, na yi salla a kusurwar shagon na dawo, na tarar bai ɗaga kai ba.

Haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a cikin baƙin danƙo, wasu a tsaye, wasu sun jingina da na kusa. Samaru ta fita duka. Da aka shiga Sabon Gari rubutun ya fara matsewa, don marigayin ya ga ƙofa za ta ƙare masa.

"Dube shi," in ji ƙanin. Muryarsa ta sauya. "Tun muna firamare haka yake. Ya fara da manya kamar mai fili, ya ƙare a takure."

"Ja dai a hankali," ta ce.

"Ina ja."

A harafin ƙarshe fentin ya fi ko'ina laushi. Ya ɗiga mai, ya jira, ya ƙara jira. Ya sa reza. Na ga ƙasan harafin ya motsa tare da koren da ke ƙarƙashinsa, ba abin da zai raba su. Ya tsaya, ya gwada ta ɗaya gefen, ya dawo. Salatif ɗin ya fita, da ɗan ɓarɓashin fari a jikinsa wanda bai kai kan allura biyu ba. Ya duba ko zai mayar, ashe ɓarɓashin ya narke a bakin rezar.

Ya ajiye rezar, ya ɗora hannayensa a cinya.

"Wannan ya tafi, matarmu. Yi haƙuri."

Ta sunkuya ta karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe, leɓunanta na motsi.

"Ana karantawa," ta ce.

Share danƙon daga kan haruffan ni na yi, don ba ja ba ne, taɓawa ce. Auduga a kan tsinke, mai, in ɗora in ɗaga, ba gogawa. Baƙin ya riƙa komawa jikin auduga har farin ya fito. Muka wanke da ruwan sabulu, muka ajiye ta a inuwa inda iska ke bi.

Saura ratsi. Na ɗauko salatif ɗina na takarda, na manna a wando na ɓare, na sake. Ya karɓa ya taɓa da yatsa, ya ce wannan ai ko ƙuda ba zai kama ba. Na ce abin da ake nema ke nan. Muka bi gefen fasinja da shi, muka zagaya baya muka kauce wa tabon, muka zo gaba. Da muka iso ƙofar direba ya taɓa gefenta da bayan farce, wurin ya nuna sawu. Ya riƙe salatif ɗin a sama, bai sauke ba.

"Wannan ƙofar ba za ta ɗauki komai ba," ya ce. "Ko wannan marar ƙarfin."

"To ratsin fa?" ta tambaya.

"Ya tsaya a nan, ya tashi a can. Ƙofar a bar masa."

Ya yanka farar takarda ya rufe ƙofar, ya kama ta daga rufi da ƙasan mota inda fenti ke da ƙarfi, ba abin da ya taɓa rubutun. Muka rufe sauran jikin. Ya fita da ita waje, ya girgiza gwangwanin feshina, ya bi ta sau biyu daga nesa, sama-sama. Kafin ruwan ɗorawan ya gama bushewa muka cire salatif, ya fita salin-alin, bai bar komai ba.

Motar ba za ta shiga kwali ba, fentin ɗanye ne. Mai ɗakina ta kawo faranti, muka ɗora motar a tsakiya. Matar ta ɗauka da hannu biyu, ƙofar direba na fuskantar ƙirjinta. Ƙanin mijin ya bar babur ɗinsa a ƙofar shagona, ya shiga gabanta a lungun, yana kore awaki, yana ce wa masu tahowa su raɓe.